Rode Wireless GO II: ko zai ɗauko muryar yaro a fim ɗin makoki na ɗalibai?

Gajeren fim a kan yaron da ya rasa mahaifinsa ko mahaifiyarsa ba shi da yawan surutu. In an rubuta shi da kyau, yaron zai iya shafe minti biyu a gaban kamara bai ce uffan ba, in kuma ya buɗe baki, maganar daga can ƙasan maƙoshi za ta fito. Abin da zai taɓa mai kallo shi ne ajiyar zuciya, haɗiyar yawu, rawar murya, da kalma uku ko huɗu da yaron ya faɗa kansa a sunkuye. Makirufon da ke jikin kamara ko waya ba ya ɗauko waɗannan daga nisan taku huɗu. Zai cika muku fim da ƙarar janaretan maƙwabta da kukan akuya, muryar yaron kuwa ta nutse a ciki. Shi ya sa ɗaliban fim, ko a makarantar koyar da harkar fim ta ƙasa da ke Jos suke, ko a sashen wasan kwaikwayo ko na aikin jarida a jami'a, suke yawan neman makirufo marar waya, kuma Wireless GO II na kamfanin Rode na ƙasar Ostareliya yana cikin waɗanda ake yawan ambata.

Hukuncinmu shi ne yana yin aikin, kuma ga ɗaliban da suka yi karo-karo suka haɗa kuɗin fim, a lokacin da ya fito samun kamarsa a farashinsa sai an sha yawo. Amma ba yadda ya fito daga kwali ba. Wanda ya buɗe shi ranar ɗauka ya maƙala wa yaro a ƙirji ya ce a fara, zai koma gida da sautin da bai fi na waya da komai ba. Akwai abu ɗaya da sai an saya daban, akwai saiti huɗu ko biyar da sai an canza kafin a je lokeshan.

An fitar da shi a 2021 a kan dala 299. A cikin kwalin akwai na'ura uku, kowace girmanta kamar akwatin ashana, nauyinta kimanin giram 30: biyu masu aikawa, waɗanda ake sa wa ɗan wasa, ɗaya kuma mai karɓa, wadda ake haɗawa da kamara ko waya. Kowace mai aikawa tana da makirufo a jikinta, tana kuma da ramin da za a soka wani makirufon. Akwai hular gashi guda uku ta kare iska, kebul ɗaya na haɗawa da kamara, kebul uku na caji, da 'yar jaka. Kamfanin ya ce batir yana kai awa 7, sigina kuma tana kai mita 200 idan babu abin da ya shiga tsakani. Babu kebul ɗin waya a kwalin. Mai Android zai nemi USB-C zuwa USB-C, wanda Rode ke kira SC16, mai tsohuwar iPhone kuma SC15.

Abin da sai an saya daban shi ne ɗan ƙaramin makirufon nan mai siririyar waya, wanda ake kira lafel. Rode na sayar da nasu, Lavalier GO, kuma wasu ma suna yi muddin bakinsu mai zobe biyu ne, irin wanda ake kira TRS; mai zobe uku na waya ne, ba zai yi magana ba sai da adafta. Dalilin da ya sa dole ne a saye shi a bayyane yake. Na'urar kanta an yi ta ne don masu hira da masu bidiyon intanet, waɗanda ba su damu a gan ta a wuyan riga ba. A fim ba za a gan ta ba, in kuma kuka cusa ta ƙarƙashin riga, za ta yi tudu a ƙirjin yaro, yadi ya riƙa gogar bakinta, fitilunta shuɗɗa su riƙa leƙowa ta cikin farar riga. Da lafel, abin da ke kusa da baki bai kai ƙwayar gyaɗa ba, akwatin kuma yana can aljihun wando.

Don a ga inda yake ƙoƙari da inda yake gazawa, bari mu auna shi da tsarin da ɗalibai za su iya ɗauka: fim na minti takwas, wato rubutu shafi takwas ko kusa da haka, tunda shafi ɗaya yakan ba da minti ɗaya. 'Yan wasa uku, yaro ɗan shekara tara, mahaifiyarsa da ke takaba, da baffansa da ke karɓar gaisuwa. Gida ɗaya da lungu ɗaya, ɗauka kwana uku. Duk abin da ya wuce wannan, kamar maƙabarta da jana'iza da taron mutum hamsin, zai cinye kuɗi da lokaci, kuma ba a can labarin yake ba. Labarin yana wurin yaron bayan mutane sun watse.

Sin na farko shi ne zaman makoki a zaure ko ƙofar gida: tabarmi, maza a jere, mai shigowa ya tsuguna ya ce "Ya haƙuri?", a ce "Da godiya", ya yi addu'a, a shafa. A nan ne ɗalibai ke fara ganin iyakar na'urar, domin masu aikawa biyu ne, bakuna kuwa goma. Kada ku yi ta ciro ta daga wannan kuna sa wa wancan. Ku sa ɗaya a jikin yaron, ɗaya a jikin baffa. Makirufon da ke jikin yaron zai ɗauko gaisuwar manya daga nesa, a dushe, kalmomi suna shiga juna, kuma wannan shi ne ainihin yadda yaron da ke rakuɓe a bakin ƙofa yake jin su. Abin da a wani fim ɗin za a kira matsala, a nan ya dace da labarin. Idan an gama sin ɗin, ku tsayar da masu gaisuwar a inda suke, kamara a kashe, a kai makirufo kusa da kowa ya maimaita gaisuwarsa sau biyu, sannan a ɗauki "amin" ɗin taro da shafa fatiha. Minti goma ya isa, kuma mai editin zai sami abin da zai cike gurbi da shi.

Babban abokin gabar lafel a ƙasar Hausa shi ne shadda. Shaddar da aka buga ko aka sa wa sitaci tana ƙara da kowane motsi, kuma tunda makirufon yana manne da ita, ƙarar za ta fi muryar ƙarfi. Babu manhajar da ke cire ta ba tare da ta lalata maganar ba. Maganin yana wurin mai kula da sutura tun kafin ranar ɗauka: a sa wa yaron rigar yadi mai laushi wadda ta sha wanki. Wannan ya ma fi gaskiya, don yaron da aka yi wa rasuwa ba kayan sallah yake sawa ba. Baffa, in dole sai ya sa shadda, a nemi tsohuwa, a wanke sitacin. Hijabi mai santsi shi ma yana da tasa ƙarar, sai dai ta fi sauƙin magani: a manna makirufon a cikin ɗinkin da ke ƙarƙashin haɓa yadda shi da yadin za su riƙa motsi tare. Sarƙa da awarwaro a cire, ko a ɗaure su da zare ta baya.

Yadda ake manna shi ga yaro kuwa, a samu filastar asibiti mai faɗin inci ɗaya. A yanki guda biyu, a naɗe kowane ya zama kusurwa uku gefen danƙon yana waje, a sa kan makirufon a tsakaninsu, bakinsa a buɗe yana kallon sama. Gefe ɗaya ya kama singileti, ɗayan ya kama cikin riga, ta yadda rigar ba za ta goge shi ba. Wurin da ya fi shi ne tsakiyar ƙirji, kimanin taƙi ɗaya daga baki. In ya hau wuya sosai, haɓa za ta rufe shi, muryar ta toshe, musamman ga yaron da zai yi ta sunkuyar da kai. Ƙasa da kan makirufon kaɗan, a yi wa wayar ɗan zagaye a manne shi, don in an ja wayar, jan ya tsaya a nan. Kada a manna filasta a fatar yaro. Da zufa za ta saki, in ba ta saki ba kuma cirewa da zafi. Wanda zai yi wannan aikin shi ne mahaifiyar yaron ta gaske ko wanda ya rako shi, mai sauti yana gefe yana nuna masa. In yarinya ce, mace ce za ta sa mata, a cikin ɗaki.

Akwai aibi ɗaya a ƙirar na'urar da ya kamata kowa ya sani. Ramin lafel ɗin ba shi da makulli, sokawa kawai ake yi. Yaro ba ya zama wuri ɗaya: zai tsuguna, zai yi tsalle tsakanin ɗauka, zai sa hannu a aljihu. Da bakin kebul ɗin ya zare, na'urar ba ta yin shiru, sai ta koma kan makirufon jikinta, wanda yake cikin aljihun wando. A allon mai karɓa za ku ga layin sauti yana motsi kamar komai lafiya, alhali abin da ake ɗauka shi ne ƙarar cinya da yadi. Ku naɗe bakin kebul ɗin da jikin akwatin da filasta, ku kuma duba shi duk lokacin da aka dawo daga hutu.

Wannan ya kawo mu ga sauraro. Dole wani ya sa abin ji a kunne daga farkon ɗauka zuwa ƙarshe, kuma aikinsa ke nan, ba ya riƙe fitila, ba ya duba rubutu. Mai karɓa rami ɗaya take da shi. In kun haɗa shi da kamara, sai dai ku saurara ta ramin kunne na kamarar, kuma kamarori da yawa da ke hannun ɗalibai, irin su Canon 600D da 700D da M50, suna da ramin makirufo amma ba su da na kunne. In irinsu kuke da ita, ku sa kebul mai raba hanya biyu a bakin mai karɓa, ko ku haɗa ta da waya ta USB a matsayin rakoda, ramin ya zama na abin ji. Masu ɗauka da waya su lura cewa ba kowace manhajar kamara ke komawa kan makirufon waje da kanta ba. Gwajin mai sauƙi ne: ku fara ɗauka, ku ɗan sosa kan lafel da farce daga nesa da wayar, ku kunna ku ji. In ba ku ji sosawar ba, wayar da nata makirufon take aiki. A kuma sa wayar a yanayin jirgi, kada kira ya katse sin.

Sin ɗin da zai nuna ko kun saita na'urar daidai shi ne na dare, inda yaron ke kwance kusa da mahaifiyarsa ya yi mata tambaya cikin raɗa. Abu na farko, ku kashe saitin kamara mai ɗaga sauti da kansa. Aikinsa shi ne duk lokacin da aka yi shiru ya ɗauka sauti ne ya yi ƙasa, ya ɗaga shi, sai a ji wani "shhh" yana tasowa a kowane gurbi tsakanin magana da magana. A fim ɗin da rabinsa shiru ne, wannan kaɗai ya isa ya ɓata shi. Ku mayar da shi na hannu, ku sauke ƙarfin kamarar zuwa mataki ɗaya ko biyu sama da mafi ƙasa, sannan ku ɗaga daga mai karɓa, domin na'urar ƙara sauti da ke cikin ƙananan kamarori ita ce mai hayaniya. Yadda ta zo, mai karɓa mataki uku take da su a ma'aunin ƙarfin sauti da ake kira desibel, 0 da -12 da -24, kuma tazarar ta yi yawa ga aikin raɗa. A manhajar Rode Central, ta kwamfuta ko waya, za ku iya buɗe mataki goma masu tazarar desibel 3. Ku sa yaron ya faɗi layin da ya fi ƙarfi a sin ɗin, ku daidaita har ya riƙa taɓa -12 a ma'aunin kamara. Raɗar za ta zauna wajen -24, kuma hakan ya yi.

Na biyu, a wannan sin ɗin ku raba muryoyin. In kuka danne maɓallan mai karɓa guda biyu tare na daƙiƙa uku, tana sauyawa tsakanin haɗa masu aikawa a hanya ɗaya da raba su, ɗaya hagu ɗaya dama. Muryar babba ta fi ta yaro ƙarfi, in aka haɗe su tun a lokeshan, ba za a iya ɗaga ta yaron ita kaɗai ba. Akwai kuma wani saiti da aka rubuta Safety Channel, wanda ke ajiye kwafi na biyu na sautin da aka rage masa desibel 20. Yana da amfani a sin ɗin da yaron yake shi kaɗai, ya yi shiru ya yi shiru sannan kuka ya ƙwace masa, domin sautin da aka saita don raɗa zai fashe da kukan, kwafin na biyu kuma ya tsira. Sai dai ba ya aiki in an raba muryoyi. Saboda haka a jerin shot ɗinku ku ƙara layi ɗaya na sauti, a rubuta a gaban kowane sin: raba, ko haɗa da kariya.

Abin da ya fi komai daraja a wannan na'ura, kuma shi ya sa muka fifita ta a kan masu arha da suka cika kasuwa, shi ne kowace mai aikawa tana ajiye sauti a cikinta. Yaro ba ƙwararren ɗan wasa ba ne. Sau da yawa ɗauka ta farko ko ta biyu ita ce ta gaskiya, daga ta huɗu sai ya koma karanta hadda. In sigina ta yanke a ta farkon, ba za ku iya cewa ya sake yi kamar ɗazu ba, kuma kai shi situdiyo bayan wata guda ya ɗora murya a kan hoto abu ne da manya ma yake ba wahala. Ajiyar cikin ba a kunne take zuwa ba, sai an kunna ta a Rode Central. Tana da zaɓi biyu na inganci: matsattse, wanda ke ɗaukar sama da awa 40, da cikakke, kimanin awa 7. Ku zaɓi cikakken, ku kwashe shi kowane dare zuwa wuri biyu, domin in ta cika, tsohon take gogewa ta rubuta sabo a kai ba tare da ta tambaye ku ba. Ku sani kuma cewa matakan da kuka saita a mai karɓa ba su shafi wannan ajiyar ba. Raɗa za ta fito ƙasa-ƙasa, a ɗaga ta wajen editin.

Amfaninta yana fitowa sosai a sin ɗin lungu, inda yaron ke tafiya makaranta shi kaɗai, ta hanyar da mahaifinsa ya saba raka shi. Mita 200 ɗin nan na fili ne. Siginar 2.4GHz take amfani da ita, irin ta Wi-Fi, kuma jikin mutum yana tare ta, haka katanga da ƙofar ƙarfe. In akwatin yana aljihun gaba, yaron kuma ya juya wa kamara baya yana tafiya, za a iya samun yankewa tun bai yi nisa ba, da ya sha kwana kuwa shi ke nan. Ku mayar da akwatin gefen da ke kallon kamara, ku ɗaga mai karɓa sama, ku ce wa ma'aikata su kashe hotspot. Inda duk ta yanke, na'urar tana sa alama a fayil ɗin ciki, sai a ɗauko wurin a cike. In a hunturu kuke ɗauka, lafel da ke ƙarƙashin riga ya riga ya sami kariya. Hular gashin ta makirufon jikin akwatin ce, kuma a wannan samfurin murɗa ta ake yi ta kulle, ba ta faɗuwa kamar ta Wireless GO na farko.

Ajiyar cikin tana zuwa da amana. Tana da zaɓin da aka rubuta Always, mai fara ɗauka da zarar an kunna mai aikawa, da Backup, mai ɗauka idan tana haɗe da mai karɓa. Ko wanne kuka zaɓa, tana ci gaba da ɗauka bayan darakta ya ce a tsaya. Yaron zai shiga ban ɗaki da ita, zai faɗa wa mahaifiyarsa abin da ba ya so ku ji. Ku gaya masa da wanda ya rako shi tun farko cewa abin yana ji, ku kashe shi a kowane hutu, ku goge abin da ba na fim ba.

Tunda maganar yaron ta taso, akwai abubuwan da babu makirufon da zai gyara. Kada ku ɗauko yaron da bai daɗe da rasa iyayensa ba don kuna ganin zai fi yi da gaske, kuma kada darakta ya ce masa ya tuna kakarsa da ta rasu don hawaye su zo. Kada a shafa masa man zafi a ƙarƙashin ido. Ku ba iyayensa rubutun su karanta duka, su sa hannu a takardar amincewa, ɗayansu ko wakilinsu ya kasance a wurin kullum. A tsara ɗaukarsa a wajen lokacin boko da islamiyya, a fara da nasa sin ɗin da safe, kada a wuce awa uku zuwa huɗu da shi a rana, da hutu a tsakani. Wajen ba shi umarni, ku ba shi abin yi: ya ninke hular babansa ya mayar cikin akwati a hankali kada kowa ya ji, ya cika butar da babu mai alwala da ita yanzu, ya ƙirga carbi ya ɓace a lissafi ya koma farko. Yaron da aka ce wa ya yi baƙin ciki zai ɓata fuska ne kawai. Wanda aka ba wa aiki numfashinsa zai canza da kansa, kuma wannan numfashin ne lafel ke kamawa fiye da kowane makirufo. Bayan sin mai nauyi, a cire masa kayan wasan, a kira shi da sunansa na gaskiya, a ba shi abin sha, a bar shi ya yi wasa.

Ta fuskar daɗin sauti, gaskiyar ita ce lafel ba ya kai bum, wato makirufon da ake ɗaurawa a kan doguwar sanda a miƙa saman kan ɗan wasa. Muryar da yake bayarwa a kusa take kullum, ko yaron ya cika allo ko yana can ƙarshen tsakar gida, kuma ba ta ɗauke da amon ɗakin. In makarantarku tana ba da aron bum da rakoda, ku karɓa, ku mai da shi babban makirufo a cikin ɗaki, Wireless GO II ya zama na biyu. In babu, mai aikawa ta biyu za ta iya rage giɓin a duk sin ɗin da yaron yake shi kaɗai. Ku ɓoye ta bayan filo, ko ƙarƙashin gado, ko bayan jeren kwanuka, ta ɗauko ɗakin, a gauraya kaɗan da na jiki. Ana iya ɗaure ta a kan sanda a miƙa ta saman kai, amma tunda daga kowane gefe take ji, sai ta matso ƙasa da rabin mita kafin ta yi amfani, wato a shot na kusa kaɗai. Da ita kuma za ku ɗauki ƙananan sautuka ɗaya bayan ɗaya daga kusa: ƙarar carbi, buɗe akwatin ƙarfe, zubar ruwa a buta, jan takalmi a siminti.

Unguwa ba ta yin shiru don ana fim, na'urar kuma ba ta da abin tace hayaniya. Kwana ɗaya ko biyu kafin ɗauka, mai sauti ya je gidan a daidai lokacin da za a yi aiki, ya sa abin ji, ya tsaya minti biyar. Zai gano injin niƙan da ke bayan katanga da lokacin da ake tayar da shi, makarantar allo da ke kusa, hanyar da 'yan adaidaita sahu ke bi, da maƙwabcin da ke kunna janareta da an ɗauke wuta. A jera lokutan salla a jadawali, a tsaya kafin a kira. Firij da fanka a kashe yayin ɗauka, a kunna fankar da an ce a tsaya, don ɗakin da aka rufe a watan Afrilu ba wurin ajiye yaro ba ne. Da damina ku kauce wa ɗaki mai rufin kwano marar silin. Kafin a tashi daga kowane ɗaki, kowa ya tsaya cik a ɗauki shirun wurin na minti ɗaya. Fim irin wannan ya fi kowane buƙatarsa, domin da shi ake shimfiɗa ƙarƙashin dogayen shot ɗin da ba a magana. In babu shi, duk inda aka yanka sai kunne ya ji.

Wahalar da na'urar ke jawowa wajen editin ita ce fayil ɗin ciki dogo ne, kuma ba shi da agogon da ke tafiya tare da na kamara. Maganin tun a lokeshan yake. Kafin kowace ɗauka, wani ya tsaya gaban kamara kusa da yaron ya faɗi lambar sin da ta ɗauka da ƙarfi, ya tafa hannu sau ɗaya. A sin mai nauyi, inda tafin zai fitar da yaron daga halin da ya shiga, a bar shi sai ƙarshe. DaVinci Resolve na kyauta yana iya daidaita sauti da hoto ta hanyar kwatanta zanen sautin, muddin kamarar ita ma ta ɗauki wani abu. Wajen gyara, a yanke duk abin da ke ƙasa da 100Hz a muryar yaron, tunda muryarsa tana sama da nan, abin da ke ƙasa gurnanin janareta ne da bugun jiki. A yi hattara da masu cire hayaniya: in aka matsa musu, numfashi suke fara cinyewa, suna ɗaukarsa hayaniya.

Batirin yana kai wunin ɗauka in ana kashewa a hutu, kuma ana iya caji da pawa banki yana aiki. Na'ura uku ce ke neman caji kowane dare, saboda haka a tanadi caja mai baki uku, a ɗora wa mutum ɗaya alhakin. Batirin a ciki yake, ba a canza shi a lokeshan kamar na tocila, zafi kuma yana rage masa kwana, kada a bar jakar a cikin mota a rana.

Saye ko haya ya danganta da abin da ke gaba. Don fim ɗaya na kwana uku, haya ta fi, a mayar da ragowar kuɗin kan abinci da sufuri da ladan yaron. A karɓo shi kwana ɗaya kafin ɗauka don a yi saitin da gwajin sutura. Ga ajin da za su yi fina-finai da yawa suna karɓa-karɓa, saye ya fi. Mai ƙarin kuɗi ya duba Wireless PRO, wanda Rode ta fitar a 2023: yana zuwa da lafel biyu, raminsa yana da makulli, yana da agogon daidaitawa da kamara, kuma ajiyarsa ta ciki irin wadda ake kira 32-bit float ce, wadda ke riƙe raɗa da kuka a fayil ɗaya ba fashewa. Wanda zai sayi Wireless GO II na hannu ya tafi da waya ko kwamfuta mai Rode Central, ya haɗa na'urorin uku ɗaya bayan ɗaya ya ga manhajar ta gane su, don ya rage haɗarin sayen na jabu. Ya soka lafel a ramin kowace mai aikawa ya ɗan girgiza bakin yana saurare, in ya ji ƙaraf-ƙaraf ramin ya saki. Sannan ya yi sharaɗi da mai sayarwa cewa zai cika su da caji ya bar su a kunne, in sun mutu kafin awa huɗu zai dawo da su.